GANGAMAU A BAKIN RIJIYA

Jawabi ga manoman auduga

  

Kullum in muka taru zancen auduga mu ke yi, watau ranar shuka, da yawan taki, da kwanakin feshi, da ranar awo. Yau kuwa zancen wani ɗan tsiro za mu yi, wanda ba ya bukatar gona, kunya ɗaya mai faɗi a lambu ta ishe shi. Sunansa gangamau. Waɗansu su kan ce kurkum, kamar yadda Larabawa ke kiransa. Duk wanda ya taɓa ganin garin nan mai ruwan ɗorawa da mata ke sayowa wurin masu kayan yaji, ya ga gangamau. Dukawa ma sun san shi tun da daɗewa, gama suna rina fata da shi.

Ga dalilin da ya sa muka kawo zancensa. Kuɗin auduga sau ɗaya su ke shigowa a shekara, kafin damina ta yi tsaka kuwa sun ƙare, ga rumbu ya yi ƙasa. Gangamau in an dafa shi an shanya, ya kan yi shekara a ajiye bai lalace ba, a riƙa ɗiba kaɗan kaɗan ana kai wa kasuwa, saura kuwa a sa a tukunya. Amma fa yana da sharaɗi biyu masu wuya. Na fari ruwa. Na biyu, a raba shi da maganin auduga, rabuwa ta har abada. Wanda ya ga ba zai iya cika waɗannan biyu ba, gara kada ya fara.

INDA YA FITO

Gangamau baƙo ne a ƙasashenmu. Asalinsa daga Indiya ne da ƙasashen da ke gabas da ita, can a ke nomansa tun shekaru dubbai. Har yau Indiya ita ce uwa, gama kusan kashi 3 cikin 4 na gangaman duniya ita ke nomawa, ita kuma ke cinye mafi yawansa. Suna kiransa haldi. Akwai garuruwa uku da suka yi suna wajen cinikinsa: Erode a jihar Tamil Nadu, da Sangli a jihar Maharashtra, da Nizamabad a jihar Telangana. Sabo da girman wannan ciniki, a watan Janairu na 2025 gwamnatin Indiya ta buɗe hukuma ta musamman ta gangamau, hedkwatarta a Nizamabad.

Abin da zai ba ku sha'awa shi ne, Maharashtra da Telangana suna kuma cikin manyan jihohin auduga na Indiya. Ƙasa ce mai zafi, mai damina ɗaya da rani mai tsawo, kamar tamu. Manomansu suna shuka auduga a gonar da ke jiran ruwan sama, gangamau kuwa sai a gonar da ke da rijiya. Wannan rabo da suka yi shi za mu koya daga gare su.

KAMANNINSA

Gangamau ɗan'uwan citta ne. Ganyensa dogo mai faɗi, kamar na ƙaramar ayaba, tsayinsa ya kan kai mita 1. Ba ya yin ƙwayar da za a shuka. Dukiyarsa tana ƙarƙashin ƙasa: akwai uwa, mai kama da ƙwan kaza, sa'an nan 'ya'ya da ke fitowa a jikinta kamar yatsun hannu. In ka karya ɗaya za ka ga cikinsa ja-ja kamar karas, da ƙamshi mai ƙarfi. Ba ya mutuwa da ƙarewar damina yadda gero ke yi. Ganye ya bushe, saiwa ta kwanta barci, in ta ji laima ta sake tsirowa.

Kada ku rikita shi da rawaya ta daji, wadda mata ke haƙo saiwarta. Launinsu ya yi kama, amma tsiro ne dabam dabam.

ZANCEN RUWA

To, ku kasa kunne nan, gama nan ne mafi yawan masu gwadawa su ke faɗuwa. Gangamau yana son wata 7 zuwa 9 a ƙasa kafin ya ƙosa. In ruwan sama kaɗai zai sha, yana bukatar kimanin milimita 1,500 a shekara. Mu duba namu. Garwa ta kan sami kimanin milimita 1,000, Gaya kimanin 800, Maraɗi kuwa wajen 500. Daminarmu wata 4 ce ko 5. Kun ga ke nan ruwan da ya ishi auduga bai ishi gangamau ba.

Wanda ya shuka shi a jigawa ya bar wa sama, zai ga ganye kore shar a watan Agusta, ya yi murna. Ruwa na ɗaukewa a Oktoba sai ganye ya ƙone, daidai lokacin da saiwa ke cika. Ran haƙa ya tarar da 'yan yatsu ƙanana, ko irin da ya zuba ba su mayar ba.

Sabo da haka lalle ne a ba shi ruwa da hannu sau biyu a shekara: a farko, daga watan Mayu har damina ta zauna, sa'an nan a ƙarshe, daga ɗaukewar ruwa har Disamba. Kafin ka sayi iri, ka tambayi kanka: rijiyata tana kai wa Disamba da ruwa? Wa zai yi ban ruwa lokacin da duk gida ke gonar auduga ana cira? In ba ka da amsa, dakata tukuna.

WURI DA ƘASA

Ku zaɓi wuri a lambu, ko gefen fadama inda ruwa ba ya kwanciya, ko bayan gida kusa da rijiya. Ƙasar da ya fi so ita ce mai taushi, mai ɗan yashi, wadda ta sha taki. Ko da ya ke yana son laima, ba ya jure wa tsayayyen ruwa. Kwana kaɗan in ya yi cikin taɓo sai saiwa ta ruɓe. Baƙar laka mai tsagewa da rani tana riƙe ruwa ƙwarai, tana kuma matse saiwa, in ita ce gare ku sai ku haɗa ta da yashi da taki mai yawa.

Kun saba da fangalin albasa, wanda a ke yi ƙasa-ƙasa don ya tare ruwa. Na gangamau tudu a ke yi. Ku kafce ƙasa da zurfi, ku farfasa hoge, ku tsince duwatsu da saiwoyi. Sa'an nan ku ta da kunya mai faɗin mita 1, watau kamu 2, tsawonta mita 10, tudunta taƙi ɗaya. In kunya ta fi ɗaya, ku bar hanya kamu 1 a tsakani, ta nan ruwan sama zai wuce, ta nan kuma za ku bi wajen cire ciyawa.

Gangamau maci ne. Kunya irin wannan tana son ruɓaɓɓen taki kilo 30 zuwa 40, kashin shanu ko na awaki wanda ya kwana biyu a rami. Ku cuɗa shi da ƙasa tun mako biyu kafin shuka. Ɗanyen kashi yana ƙona tsiro, yana kuma kiran gara. Takin zamani da kuka karɓa bashi don auduga kuwa, ku bar wa auduga abinta, gama ita za ta biya shi.

Yana jure wa inuwa kaɗan, har ma ya kan ji daɗinta a ƙasa mai zafi. Gefen ayaba ko gwanda ya yi kyau, inda zai sami ranar safe ya tsira daga ta azahar. A Nizamabad su kan shuka masara a tsakaninsa don inuwa, su karye ta bayan wata 3 su bar shi shi kaɗai. Inuwa mai duhu dai, irin ta ƙarƙashin babban mangwaro, ganye za ta ba ku, ban da saiwa. Kada ku manta da shinge, ko don kaji masu tono da dabbobi masu tattakewa.

IRI

Busasshen gangamau da ke kasuwa ba ya tsira. An riga an dafa shi, ya mutu. Ɗanye za ku nema, mai nauyi a hannu, mai tauri, wanda idanunsa suka fara kumbura. Ana nomansa a wuraren da ruwa ya fi yawa, kamar kudancin jihar Kaduna a Nijeriya, daga irin waɗannan wurare ya ke shigowa kasuwanninmu.

Amma ku yi hankali da irin da ba ku san gonarsa ba. A daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa citta a kudancin Kaduna, ta cinye gonaki masu yawan gaske, manoma suka yi hasarar abin sayarwa da irin baɗi gaba ɗaya. Cututtukan ruɓa irin wannan a jikin iri da ƙasar da ta manne masa su ke tafiya daga gari zuwa gari. Duk saiwar da ta yi laushi, ko ta yi baƙin tabo, ko tana wari, ku jefa ta wuta. Ku nuna wa malamin gona irin da kuka saya kafin ya shiga ƙasarku.

Uwa ta fi 'ya'ya ƙarfin tsiro. Ana shuka ta ɗungum, in babba ce a raba ta biyu a tsaye. 'Ya'ya kuwa a karya su gunduwa gunduwa, ko wace gunduwa kamar tsawon babban yatsa, da ido ɗaya ko biyu. Inda aka yanka a barbaɗa toka, a bar shi a inuwa kwana ɗaya ya ƙame. Kunya ɗaya tana cin iri kimanin kilo 3.

Ga wata dabara ta rage wahalar ban ruwa. Tun ƙarshen Afrilu ku jera irin cikin yashi mai laima a inuwa, ku rufe da tsohon buhun algarara, ku riƙa yayyafa ruwa. Cikin mako 2 ko 3 idanu za su fito. Waɗanda suka tsira su za ku kai kunya, waɗanda suka ƙi kun huta da su.

SHUKA DA KULAWA

Ku shuka a watan Mayu, kafin aikin auduga ya taso. Ku ja layi 4 a bisa kunya, santimita 25 tsakanin layi da layi. A ko wane layi ku tona rami bayan ko wane santimita 30, zurfinsa santimita 5, watau kamar yatsu uku. Za ku sami rami kimanin 130. Ku kwantar da iri ido yana duban sama, ku rufe, kada ku danna da ƙafa.

Da gama shuka sai ku lulluɓe kunyar duka da ganye ko ciyawar da ba ta yi 'ya'ya ba, kaurin tafin hannu. Wannan lulluɓi shi ne rabin aikin. Yana hana rana dafa iri, yana riƙe laima, yana danne ciyawa, in ya ruɓe kuma ya zama taki. Manoman Indiya su kan ƙara wani bayan kwana 45, su sake ƙarawa bayan kwana 90. Kada ku yi lulluɓi da karan auduga ko ganyenta. Sun sha feshi, kuma kun san ƙa'ida ita ce a sare su a ƙone don kashe tsutsa. Ku riƙa ɗaga lulluɓin kuna dubawa, in kun ga gara ku janye busasshen ku zuba toka.

Tsiro ya kan leƙo cikin mako 2 zuwa 4. Kada ku ƙosa ku tone don ku gani. Ciyawa da hannu a ke cire ta, sau uku, wajen kwana 60, da 90, da 120. Fartanya tana sare 'ya'ya, gama ba su da zurfi. Duk lokacin da kuka cire ciyawa ku tura ƙasa gindin tsiro, don saiwar da rana ta gani ta kan yi kore ta ƙi girma.

Wajen ban ruwa, yatsa shi ne ma'auni. Ka cusa shi ƙarƙashin lulluɓi, in ka ji sanyi ka bari, in ka ji bushewa ka ba da ruwa har ya ratsa. A ƙasa mai nauyi sau ɗaya a mako ya kan isa, mai yashi kuwa ta fi saurin jin ƙishirwa. Da yamma ko da sassafe a ke bayarwa.

Abokan gabansa biyu ne manya. Na fari ruɓar saiwa. Alamarta, ganyen ƙasa ya yi ɗorawa tun lokaci bai yi ba, gindi ya yi laushi, in ka ja tsiro ya biyo hannunka. Ka tuge shi da ƙasar da ke kewaye, ka kai nesa ka ƙone, ka buɗe wa ruwa hanya. Na biyu tsutsa mai huda kara. Za ka ga ɗan rami a jikin kara da gari-gari a bakinsa, ganyen tsakiya ya bushe. Ka yanke karan, ka tsaga, ka kashe ta. A kunya ɗaya hannu ya isa wannan aiki. Kuma kada ku maimaita gangamau ko citta a wuri ɗaya sai bayan shekara 3.

MAGANIN AUDUGA

Yanzu mun zo kan sharaɗi na biyu, ina roƙonku ku riƙe shi da kyau. Ranar da manomi ya ga tsutsa a lambunsa, ga ragowar maganin auduga a ɗaki, zuciya ta kan ce masa ɗan kaɗan ba ya kome. Ku sani auduga sawa a ke yi, gangamau kuwa ci a ke yi, har a ba mara lafiya da sunan magani. An auna maganin auduga ne don tsiron da ba ya shiga tukunya.

Wannan ba tsoratarwa ba ce ta banza. A daminar 1999 zuwa 2000, a lardin Borgu na Jamhuriyar Binin, mutane da dama suka mutu sabo da wani maganin auduga mai suna endosulfan, waɗansunsu ta hanyar abincin da maganin ya taɓa. A 2007 ƙasashen Sahel, har da Nijar da Cadi, suka hana shi, a 2011 kuma ƙasashen duniya suka yarda a daina yinsa. Wannan ya tafi, amma waɗanda a ke ba ku yanzu su ma dafi ne.

Sabo da haka kada kunyar gangamau ta yi iyaka da gonar auduga, gama iska tana ɗaukar feshi, ruwan sama kuma yana gangarowa da shi. Kada famfon feshi ya shiga lambu, ko da an wanke shi. Kada a wanke shi a bakin rijiyar da a ke ban ruwa da ita. Galan ko durom da ya taɓa ɗaukar magani ba ya komawa na ɗiban ruwa ko na dafuwa, a huda shi a kawar yadda malamin gona ya nuna. Maganin ciyawa ma haka, kada ya kusanci kunya. In an gama shanya kuma, kada buhun gangamau ya kwana ɗaki ɗaya da magani ko da angurya mai magani.

Ita ma audugar a tsare ta daga gangamau. Rini ne mai kama zare nan da nan. Zanen da aka shanya shi a kai, ko buhun da aka zuba shi, in ya taɓa farar auduga sai ta yi tabo, ran awo kuwa kun san mai tabo ba ta shiga lamba ɗaya. Ko wanne da kayansa.

HAƘA DA DAFAWA DA SHANYA

Wajen Disamba za ku ga ganye ya fara ɗorawa yana kwanciya. Ku daina ban ruwa, ku ba shi mako 3 ko 4. Wani abin daɗi game da shi, ba ya gaggauta mai shi. Auduga in ta buɗe tilas a cire ta, gangamau kuwa yana jira a ƙasa har ku gama cira, ku kai awo, sa'an nan ku juyo kansa a Janairu ko Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke busar da kome.

Ran haƙa ku yanke ganye, ku yayyafa ruwa kaɗan don ƙasa ta saki, ku sa magirbi daga gefe ku ɗago gindin ɗungum. Ku kakkaɓe, ku yanke ƙananan jijiyoyi, ku raba uwa da 'ya'ya. Tun a nan za ku ware irin baɗi, kafin kome ya taɓa wuta. Saura a wanke.

Cikin kwana 2 ko 3 da haƙa sai a dafa. Dafuwa tana kashe ido don kada ya tsira a buhu, tana baza launi ko'ina cikin saiwa, tana kuma rage kwanakin shanya. A zuba a tukunya mai tsabta, ruwa ya sha kansa, a tafasa minti 45 zuwa 60. In kumfa ta taso, ƙamshi ya cika wuri, sai a soka tsinke. In ya shige ba da wuya ba, ya yi. Uwa ta fi 'ya'ya jinkirin dahuwa, don haka dabam a ke dafa ta. Wanda ya dahu ya wuce kima launinsa ya kan dushe, wanda bai dahu ba kuwa ya kan yi ta karyewa in ya bushe.

A baza a tabarma mai tsabta, kaurin yatsu uku, a riƙa juyawa, da dare a tattara a rufe. Kwana 10 zuwa 15 ya ke ɗauka. Alamar ya bushe, ya yi tauri kamar ƙaho, in ka karya ya ce ƙas. Daga nan a zuba a buhu a murza, ɓawo ya fita, jiki ya yi santsi. Ku ajiye shi haka nan ba a daka ba, gama gari ya fi saurin rasa ƙamshi da launi. Na cin gida kaɗai, uwargida tana iya yanyanka ɗanye siriri ta shanya ba tare da dafawa ba.

Kada ku ƙara masa wani launi don ya yi kyan gani. A Bangaladash masu sarrafa shi sun daɗe suna shafa masa wani rini mai dalma a ciki. A 2019 masana na Jami'ar Stanford ta Amurka tare da abokan aikinsu na ƙasar suka bayyana abin, bayan an ga dalma a jinin mutane, gwamnati ta tashi tsaye ta hana. Kun tuna abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara ɗaruruwa suka rasu. Wanda ya noma nasa, ya daka a turminsa, ya san abin da iyalinsa ke ci.

AJIYE IRI

Daga Fabrairu zuwa Mayu zafi ya fi tsanani, a nan ne iri ke bushewa ya mutu. Ku haƙa rami a inuwa mai sanyi, ku shimfiɗa busasshen yashi, ku jera iri, ku rufe da yashi, ku sake jerawa. A sama ku ɗora ganyensa da ciyawa, ku bar 'yar kafa ta shan iska. Bayan ko wane mako biyu ku buɗe ku fid da wanda ya ruɓe. Wata hanya kuma, ku bar ƙarshen kunya ba ku haƙa ba, ku lulluɓe shi da kauri, ku tone in lokacin shuka ya yi.

CI DA MAGANI

A Indiya da wuya a ɗora miya ba a sa shi ba. Suna sa shi a wake, da shinkafa, suna shafa wa kifi shi da gishiri kafin suya. Garin kori da matanmu ke sa wa dafa-duka, gangamau ne ke ba shi launi. A Indunusiya suna dafa shinkafar biki da shi ta fito ruwan ɗorawa, suna kuma haɗa shi da tsamiya su yi abin sha. A tsibirin Sumatra har ganyensa su ke sa wa nama. Iyayenmu mata, rabin ƙaramin cokali ya ishi tukunya, a soya shi cikin mai tare da albasa. In ya yi yawa ɗaci ya ke yi.

Wajen magani, mutanen Indiya sun daɗe suna shan sa cikin madara mai ɗumi don mura, suna amfani da shi don kumburin ciki da ciwon gaɓoɓi, suna kuma shafa wa amarya da ango don gyaran fata. Abin da ke ba shi launi sunansa kurkumin, masana biyu a Faransa, Vogel da Pelletier, su suka fara ware shi a 1815. Kaɗan ne a cikin saiwa, galibi kashi 2 zuwa 5 cikin 100, kuma jiki ba ya shan sa sosai sai an haɗa da mai da masoro. Gwajin likitoci ya nuna ya kan ɗan rage ciwon gwiwa ga waɗansu.

Iyakarsa ke nan, kada mai talla ya ruɗe ku. Ba ya warkar da zazzaɓin sauro, ko shawara, ko ciwon daji. Yaro mai zazzaɓi, ko mutumin da idonsa ya yi ɗorawa, asibiti za a kai shi ran nan. Wanda ke cikin miya ba ya cutarwa. Shan sa da yawa kuwa da sunan magani, mace mai ciki ta bari, haka mai tsakuwa a matsarmama, da mai shan maganin tsinka jini. A Italiya a 2019 an sami mutanen da hantarsu ta kumbura bayan sun sha ƙwayoyin kurkumin masu ƙarfi. Kome ya yi yawa ɓaci ya ke yi.

LISSAFI

Inda a ke nomansa da kyau a kan sami tan 20 zuwa 25 na ɗanye a hekta. In muka raba wannan, kunyarmu mai mita 10 za ta ba da kilo 20 ko fiye kaɗan, daga iri kilo 3. In an dafa an shanya, kilo 5 na ɗanye kilo 1 ya ke komawa. Kada ku sa rai da wannan a shekarar fari, hannu bai saba ba tukuna. In kun sami kilo 12, ku ware 6 don kunya biyu baɗi, ku dafa 6 don gida.

Kada kowa ya ji daɗin zance ya je ya cika lambu da shi. Hekta guda tana cin iri kilo 2,000 zuwa 2,500, ga ruwan da rijiyar hannu ba za ta iya ba. Kafin ku ƙara kunya ta uku, ku zaga kasuwa ku ji ta bakin masu kayan yaji, da masu sayar da abinci, da dukawa, da mata masu gyaran amare: nawa su ke saye, daga ina su ke samu, ɗungum su ke so ko gari. Sannu ba ta hana zuwa.

To, jama'a, abin da za ku koma gida da shi ke nan. Wanda ke da rijiya mai kai wa Disamba, da wuri nesa da gonar auduga, ya nemi ɗanyen iri mai lafiya tun watan Afrilu, ya fara da kunya ɗaya. Mutum biyu ko uku a gari sun isa gwaji na bana, sauran su zuba ido, gani ya kori ji. Mai tambaya ya sami malamin gona na yankinsa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu ga kaka lafiya.